Allurar Ranar Alhamis

Daga ƙofata zuwa bakin teku a Balfaraiso
matakala ɗari da goma sha bakwai ce.
Ni Edubihis, mai ɗinkin taru,
shekara shida da gwiwa nake ƙirga su, ba da baki ba.

Da asuba yatsuna kan tashi a ƙage
kamar ƙaguwar da ta mutu tana damƙa.
Maɓallin riga ya gagare ni,
murfin kwalba ya raina ni.
Masunta suka kai tarunsu wani wuri.
Ban ga laifinsu ba.

Likita Maturana ba ta yi gaggawa ba.
Ta ce hoton ƙirji tukuna,
a ga ko tarin fuka na barci a ciki,
a duba hanta, a auna jini.
Ta ce, dakarun jikinki ne suka juya wa gida baya,
su ke dukan gaɓoɓinki da sanda.
Allurar nan lallashinsu take yi su zauna.
Amma ki sani, ran da mai gadi ya zauna
ɓarawo ma ya ji labari.

Yanzu tana zaune a firji
tsakanin man shanu da ragowar romon kifi,
nesa da bangon da ƙanƙara ke kamawa.
Alhamis ɗaya na tsallake, ɗaya na ɗauko ta,
in bar ta ta huce sanyi kafin in gama shayi,
in ɗaga ta ga taga, in ga ruwanta garau.
Cinyar hagu wancan karo, yau ta dama.
Tsinken ya tafi akwatinsa mai murfi,
ba kwandon shara ba, inda jikana ke neman marafan lemo.

Yatsu suka buɗe a hankali
kamar kasuwar da aka daɗe da rufewa.

Sai ga Yuli da ruwan sanyinsa.
Anselmo ya dawo makaranta da tari,
ya kwana a jikina.
Daren Laraba zazzaɓi ya sauka mini.
Safiyar Alhamis allura na hannuna,
tarun Baltasar na jirana a tsakar ɗaki,
na riga na ci rabin kuɗinsa.
Zuciya ta ce, soka kawai, wa zai sani?
Ko kin manta yadda maɓalli ke yi miki dariya?

Ban manta ba.
Amma a ƙofar firjin akwai kati,
lambar Sunilda, ma'aikaciyar jinya, da jan biro.
Ta ce, mayar da ita inda kika ɗauko.
Ki sauko yau, ban ce gobe ba.

Ashe ciwon huhu ne ya sa ƙafa ɗaya a zaure.
Kwana goma ina haɗiyar wasu ƙwayoyi,
yatsu suna gunaguni, ina ba su haƙuri.
Baltasar ya zo da kansa, ya dubi tarun, ya dube ni,
ya ajiye kifi biyu, ya tafi.

Sai da likita ta saurari bayana
ta ce to, sannan na koma ga Alhamis ɗita.

Jiya na gama tarun.
Mai koyo ƙulli kawai yake gani.
Mu da muka tsufa a sana'ar mun san
ramukan da aka bari da gangan
su ma taru ne.