Jarkar Ruwa a Tsibirin da Ba Kowa

Kwana ɗaya da wuni ne daga gaɓarmu ta Haiti
in iska ta yi mana kara,
kwana uku in ta juya baya.
Babana Desilus bai taɓa riƙe taswira ba.
Da la'asar yakan bi tsuntsayen teku da ido,
inda suka nufa su kwana, nan ƙasa take.

Dutse ne kawai, fari, mai ramuka kamar saƙar zuma.
Babu yashi, babu mashiga,
sai ka jira igiyar ruwa ta ɗaga kwalekwale
ka cafki tsohon tsanin ƙarfe da tsatsa ta cinye rabinsa.
Babu rijiya. Babu kabari mai suna.
Sai hasumiyar fitila da ta makance tun ban zo duniya ba,
da awakin da suka manta da turke,
da ƙaguwa masu yawo da gidan aro a baya.

Amma fa dutsen nan gwamnati gare shi, har biyu.
Tamu ta ce nata ne,
malamin aji huɗu ya sa mun haddace da bulala.
Can arewa kuma, inda ƙanƙara ke zuba,
an ce akwai ofis, da kabad, da fayil mai lamba,
da wani bawan Allah da ke karɓar albashi
don mulkin tsuntsayen da bai san warin kashinsu ba.
Kashin ne ma tushen rigimar.
An haƙe shi, an loda wa jirage, ya zama takin gonakin wasu.
Da ciniki ya mutu mahaƙa suka watse,
takarda ta zauna daram.

Ina shekara goma sha huɗu jirginsu ya tare mu,
fari fat, da tuta, da lasifika.
Wani saurayi da rana ta toye wa kunnuwa
ya karanto doka,
tafinta yana binsa a baya kamar jela:
ruwan nan nasu, mil kaza ta kowace kusurwa,
kifi nasu, kunkuru nasu, har ƙwan da ba a saka ba.
Babana ya cire malafa, ya ce a tambaye shi,
tunda gidansu ne,
ina baƙo yake shan ruwa?
Saurayin ya duba takardar gaba da baya.
Babu a ciki.

Mu mun sani.
A kogon gabas, ƙarƙashin saiwar wani ɓaure,
akwai jarka biyu, da ashana a kwalba,
da garin rogo a gwangwanin madara.
Dokar ba ta da hatimi, kalma huɗu ce:
in ka sha, cika.
Ita ta riƙe ran Exilien kwana tara
lokacin da guguwa ta farfasa masa jirgi,
matarsa Merancia har ta ɗinka baƙin kaya.

Babana ya nuna masa wajen da haɓa, bai ƙara magana ba.
Na ji haushi a ranar.
Wa ke nuna wa kura hanyar turke?

Yau shekara shida da binne tsohon.
Ni ke hawa tsanin da jarka a kafaɗa,
gwiwata ta fara ƙara irin tasa.
Har yanzu ana musayar wasiƙu tsakanin manyan birane,
kowa na jan layi a kan shuɗin taswira,
tsuntsaye na tsallake layin safe da yamma.

Bara na tarar da jarka ta uku a kogon,
sabuwa, cike har wuya,
da rubutun da ban iya karantawa a jikinta.
Na ɗanɗana. Ruwa ne.
Na sha rabi, na cika da namu.