Daren Farko a Kan Dutsen Kagoro

A tsakar gidanmu na Barnawa muka fara kafa tantin,
sau uku yana ruftawa kan Jatau,
maƙwabta na leƙe ta katanga:
"Lafiya? Ko mai gidan haya ya kore ku?"

Ran Asabar, a gindin dutse,
Baba Didam ya ɗaga jakata, ya dire, ya dube ni.
"Ƙaura za ki yi?"
Ya zazzage ta kan ciyawa:
tukunyar ƙarfe, bargo biyu, turaren wuta,
da ludayin da ban san ya shiga ba.
Ya ce abin da ka ɗauka a ƙasa don marmari
shi zai zage ka a tsakiyar hawa.
Mai nauyi ya jingina da gadon baya,
ruwa da tocila kusa da hannu,
ɗamara a ƙugu, don kafaɗa ba jaki ba ce.

Ladidi, 'yar shekara shida,
an ba ta gora ɗaya, dabino bakwai,
da usur a wuya.
"In kin ɓata, kada ki neme mu.
Tsaya jikin itace, busa sau uku, mu za mu zo."
Sau goma sha ɗaya ta gwada
kafin mu sha kwanar farko.

Takun ƙaramarmu shi ne takunmu.
Wannan ya fi ci wa Tanimu rai,
mai sauri kamar ya bar tuwo a wuta.
Sabon takalmin da ya ƙi takawa a gida
ya yi masa bororo a dunduniya.
Na manna masa filasta ban ce komai ba.
To, na ce kaɗan.

Da la'asar na hango kwari mai laushin yashi,
kamar mu aka share wa.
Baba Didam ya nuna min yayi maƙale a reshe
daidai wuyana.
"Ruwa ya rataye shi nan.
Hanyarsa ce, kuma ba ya sallama."
Muka koma tudu, nesa da mataccen itace,
muka tsince tsakuwa,
ƙofar tanti ta juya wa iska baya.

Jatau ya koyi ciyar da wuta:
ƙirare kamar tsinken tsintsiya,
sannan kamar yatsa, sannan kamar damtse.
Ashana ta huɗu ta kama.
Ruwan rafi garau, har ana ganin ƙafar ƙaguwa,
amma sai da ya tafasa, ya yi ta birgima,
kafin ya taɓa bakin kowa.
Shayi, ƙuli-ƙuli, kilishi mai yashi-yashi.

Babu janareton maƙwabci.
Ladidi ta ce, "Umma, wa ya ƙaro taurari?"

Na kwanta, wata saiwa na yi min tausar mugunta,
ina ƙirga numfashi uku,
duk ganyen da ya motsa sai na sa masa haƙora.
Na tuna takardar da ke hannun Inna Kande:
inda muka nufa, wanda ya raka mu, ranar dawowa.
Ƙirjina ya sassauta, ba duka ba.

Da asuba kowa ya kakkaɓe takalminsa.
Daga na Tanimu kunama ta faɗo,
ta wuce abinta, wutsiya sama,
kamar mu muka yi mata laifi.
Mu ne kuwa.

Muka zuba wa toka ruwa, muka motsa, muka ƙara,
har bayan hannu ya ji sanyi.
Leda, gwangwani, har ƙwallon dabino,
duk suka koma jaka.

Na waiwaya daga kan hanya.
Babu alamarmu sai ciyawar da muka danne,
ita ma ta fara miƙewa.
Ladidi na gaba, usur a baki,
Tanimu na baya, yana ɗingishi,
yana tambayar Baba Didam
ko akwai dutsen da ya fi wannan tsawo.