Gwangwanin Matuƙa

A Olomouc, bene na huɗu,
inda tarago ke girgiza gilashin taga duk minti goma,
babana Vlastimil ya mai da teburin cin abinci filin jirgi.
Ku ɗora kwano a cinya, in ji shi,
teburi na da aiki.

Shekara talatin da ɗaya yana tuƙa tarago.
Da ya ajiye aiki sai ya sayo kwali,
a ciki jirgin yaƙi ne a warwatse,
roba toka-toka, kamar ƙayar kifi bayan an cinye.
Ɗaya bisa saba'in da biyu, haka aka rubuta.
Fiffike bai wuce tsawon yatsa ba.

Ya yanka da reza, ya goge da samfefa,
ya ɗiga gam da bakin tsinken sakace,
numfashi a riƙe kamar mai zura zare a allura.
Gida duk warin fenti.
Mama Květa ta buɗe taga a tsakiyar sanyi,
dusar ƙanƙara ta shigo ta sauka kan tankar yaƙi,
ya ce bar ta, ai ta dace da ita.

Abin da ya fi ɗaure min kai:
mako uku yana ƙawata abu,
kore a baya, shuɗi-shuɗi a ciki,
lambobi ƙanana kamar ƙwayar masoro,
sannan dare ɗaya ya tsufar da shi.
Ya shafa baƙin hayaƙi a bayan bututu,
ya kankare fenti inda takalmi zai taka,
ya kwaɓa garin kofi da ruwan gam
ya yaɓa wa tanka taɓo har wuya.
Sabon abu ƙarya yake yi, in ji shi,
ba wanda ya je can ya dawo fes.

Amma kujerar matuƙi kullum wayam.
Kowane kwali na zuwa da ɗan mutum,
zaune, gwiwa a lanƙwashe, hannu a miƙe.
Baba ya fente shi tsaf, har maɗaurin hula,
har ɗigon ido da silin buroshi ɗaya,
sai ya jefa shi gwangwanin shayi ya rufe.
Na ƙirga wata rana: arba'in da bakwai.

Sai da na girma ya faɗa,
bai ko ɗago daga farfelar da yake gogewa ba:
kawunsa Bořivoj ya shiga irin wannan,
babba, na gaske, wata safiya a ƙasar da ba tasa ba.
Aka aiko wa kakarsa agogo da wasiƙa.
Ni ba na sa kowa a ciki, ya ce.
Miƙo min hantsakin nan.

Bana hannunsa ya fara rawa.
Buroshi ya tsallake layi, fiffike ya ɓaci,
ya zauna yana duban yatsunsa kamar baƙi.
Yanzu ni ke fenti, shi ke faɗa:
kin cika ruwa, bari ya bushe,
sauri ya haifi nawa.

Lahadin da ta wuce 'yata Zdislava,
'yar shekara biyar, ta gano gwangwanin.
Kafin mu ankara ta jera su a bakin taga,
sun haura sittin yanzu,
zaune sahu biyu, fuska ga titi.
Na tashi zan kwashe, ya riƙe min hannu.
Me suke yi? ya tambaye ta.
Suna cikin tarago, ta ce, gida za su.

Baba ya cire tabarau, ya daɗe yana gogewa.
Sannan ya ɗauki murfin gwangwanin,
ya buga shi da cokali sau biyu,
ƙararrawar tashi, yadda ya saba,
ya kira sunan tasha ta gaba.