Alawar Madara a Hannun Mai Walda

Jajibirin Salla na rufe shago tun la'asar,
hannuna na ƙaurin ƙarfe.
Barira na Tibiri, gidansu, tana wankan jego,
yau kwana goma sha tara.
Ta bar mini Tsahara da makullin ɗakin girki.

Tsahara ta tsaya bakin ƙofa,
ƙafafu ɗaure cikin ledar lalle,
ta ce, "Baba, bana babu alawa ke nan?
Umma kan yi, mu kai wa Inna Kuluwa,
mu kai gidan mai ɗinki."
Na ce, "Wa ya ce babu?"
Baki ya riga hankali fita.

Jika biyu na bari a kantin Sabon Gari:
madarar gari, sukari, ɗan man gujiya a ƙulli.
Sai na kira Tibiri.
"Abu mai sauƙi," in ji ta,
jariri na tsala kuka a bayan muryarta.
"Ruwa kaɗan, sukari, bar shi ya tafasa.
In ka taɓa da yatsu biyu ya ja zare,
sauke, zuba madara, tuƙa.
Amma kada ka tashi daga gun."

Ni da ke narkar da ƙarfe tun ina ɗan sha huɗu,
ni da na haɗa ƙofar gidan rabin Bagalam,
sukari ne zai gagare ni?

Na hura gawayi, na ɗora tukunya.
Can sai ihu: ragon Shu'aibu ya tsinke igiya!
Maƙwabci ba ya kira ka ce kana girki.
Muka bi shi lungu uku,
muka kama shi yana cin latas ɗin mai tebur.
Na dawo ina haki.
Hayaƙi ya riga ni shiga gida.
Abin da ke tukunya ya koma kwalta,
ko titin Dan Isa za a iya liƙewa da shi.

Tsahara ba ta yi kuka ba.
Da ta yi, da ya fi mini sauƙi.
Ta leƙa, ta ce, "Umma ta ce kada ka tashi."

Saura rabin sukari.
Na jawo kujera ƴar tsugune, na zauna,
na zuba ido yadda nake yi wa bakin wuta
in ina ɗinke ƙarfe da ƙarfe.
Kumfa manya, sannan ƙanana,
sannan wani sauti, ƙasa-ƙasa, kamar tsohuwa na jan carbi.
Na ɗiga a yatsa. Ya ƙone ni. Ya ja zare.

Na sauke. Tsahara na zuba madara,
ni ina tuƙi da muciya har kafaɗa ta amsa.
Fari ya haɗiye ruwan zuma,
ƙamshi ya tsallaka katanga ya gaida Shu'aibu.
Muka shafa mai a faranti,
muka murza da kwalba tun da sauran ɗumi.

Wajen yanka na ɗauko ma'aunina na shago.
Kowace ɗaya daidai da ƴar'uwarta,
kamar tagogin lakwal.
Tsahara ta ɗanɗana, ta daɗe tana tauna.
"Ta yi daɗi. Amma ta Umma karkatattu ce."
Na ce to.
Layin ƙarshe na ajiye ma'auni,
na ba ta wuƙar, na riƙe hannunta.

Gobe bayan idi, in an gama da nama,
za mu hau babur mu nufi Tibiri,
karkatattun a ƙulle cikin farin ƙyalle.
Tukunyar farko kuwa tana cikin buhu, bayan ƙofa.
Jibi zan kai ta shago in kankare.
Tsahara ta yi alkawarin ba za ta faɗa ba,
na kuma san tun a zaure za ta fara.