Ƙarfen Kaka Lai'atu

A Jiratawa, ƙofar majami'armu ta Baptis,
akwai wani tsohon ƙarfe rataye jikin bedi,
ƙafar babbar mota ce da ta gaji da hanyar Damagaram.
Shekara talatin da ɗaya, duk safiyar Lahadi,
Kaka Lai'atu ke dukansa da guntun galma,
kaji su watse, jakin Gado ya amsa,
mu kuwa mu ja zane mu toshe kunnuwa.

Guntuwa ce, kuma bakinta ba sanyi.
In ka makara, idonta ya riga fasto yi maka wa'azi.
Ta taɓa tayar da dattijo daga bencin gaba
don ya shigo da goro a kunci.
Amma wa ya taɓa shiga gidanta ya fito da yunwa?

Ƙuli take toyawa, ta matse mai, ta cika kwalabe,
ran Litinin ta bi motar Maraɗi.
Cikin kowace jika goma, ɗaya ba tata ba ce:
daban take ƙulle ta a bakin zane,
ko gishiri ya ƙare, ba ta kwance ta a kasuwa.

A gulbi aka yi mata baftisma, in ji ta,
tana budurwa, damina ta yi nisa.
"Na shiga ina makyarkyata, ina tsoron kada,
na ɗago, ɗankwalina ya kama hanyar Najeriya."
Sai ta yi dariya da haƙoranta huɗu:
"Bar shi ya tafi. Ba shi kaɗai na bar wa ruwa ba, ɗana,
akwai kaya masu nauyi da suka bi shi, ba dawowa."

Tana da hamsin ta koyi baƙi a wurin ƴan lakwal,
yatsa kan layi, kamar mai tsintar wake.
Da hakiya ta rufe idon, ni ta ɗauka aiki,
ladana ƙuli uku.
In na tsallake layi don in tafi ƙwallo
sai ta ce, "Koma baya, Filibus, ka yar da wani a hanya."
Ni ke riƙe da littafin, ita ke gyarawa.

Katanga ɗaya ta raba ta da Tasalla.
Da azumi kunun Kaka ke ƙetarawa kafin magariba,
da Kirsimeti Tasalla ce kan tukunyar shinkafa.
Shekara arba'in suna faɗa
kan akuyar da ta cinye zogale,
ban taɓa jin sun yi a kan Allah ba,
kowace ta san inda take durƙusawa.

Wata Asabar, gero ya fara fidda kai,
ta share tsakar gida, ta wanke farin zanenta,
ta aike ni da dala ashirin, bashin mai itace.
Da dare ta ce in karanta.
Na tsallake layi biyu.
Ba ta ce koma baya ba.
Na ce a raina, barci ya kwashi tsohuwa.

Gari ya waye, bedi shiru.
Rana ta hau, rabin majami'a na kwance.
Liman da kansa ya aiko yaro:
"A dubo mana, lafiya yau ba mu ji ƙarfe ba?"
Haka garinmu ya samu labarin rasuwa.

Matan zumunta suka yi mata sutura.
Tasalla na bakin ƙofa, carbi a hannu, ba ta ce uffan ba,
sai da aka kwance bakin zanen
aka ga jika ɗaya a ƙulle, ta wannan Lahadin,
sannan ta sa kuka, ta kira ta ƴar'uwa.

Yanzu ni ke ɗaukar guntun galmar.
Sun ce dukana bai kai nata ba,
jakin ma ba ya amsawa.
In na gama, nakan zauna a gindin bedin,
in buɗe wurin da na tsallake daren nan,
in karanta da ƙarfi, layin nan biyu,
a hankali, ko za ta ji, ko da gyarawa.