Humba Mai Kwana Uku

Da asuba na shiga kasuwar Carcar
tun ƙudaje ba su farka ba.
Mang Dodoy mahauci ya ɗaga mini tsokar cikin alade,
hawa uku, fata da kitse da nama,
ya ce, "Efren, yau kuma wa za a burge?"
Na ce Ligaya ce ke tafe.
Ya jefa wata 'yar tsoka a leda, bai ɗora ta a sikeli ba.

Shekara huɗu tana Hong Kong
tana renon 'ya'yan wasu.
Ni ina nan, ina jan keke mai ƙafa uku,
ina koyon kitse kan Marisol
da yatsun da ba su san komai ba sai sifana.

Tukunyar ƙasa ce ta surukata, Nanay Perpetua,
gindi baƙi wuluk, baki da ɗan tsagu.
Na shimfiɗa ganyen ayaba a ƙasanta don kada nama ya kama.
Tafarnuwa kai biyu, na farfasa da gindin kwalba.
Baƙin ruwan waken soya, daidai gaɓar yatsa.
Mazarƙwaila, na gutsura da haƙori.
Masoro, baƙin wake mai gishiri, busasshen furen ayaba,
ganyen ƙamshi uku,
ɗaya ya karye, Marisol ta ce huɗu ke nan.
Sai ruwan tsamin kwakwa,
mai sa ido ƙwalla tun kafin ya bar kwalba.

Nanay tana da rai takan ce,
"In ka zuba tsami, ɗaure hannunka a baya.
Kada ka juya.
Bar shi ya huce fushinsa da kansa.
Mai saurin sa ludayi, ɗanyen tsami zai sha har ƙarshen tukunya."
Na ɗauka zancen girki take yi.

Na rage gawayi. Na zauna bisa tsohuwar taya.
Tukunya tana gunaguni ƙasa-ƙasa
kamar tsohuwa mai jan carbi a bayan coci.
Kitse ya saki jiki, fata ta yi sheƙi,
ƙamshi ya tsallake katanga
har karen maƙwabta ya zo gaisuwa.

Wajen la'asar waya ta yi ƙara.
Guguwa ta taso daga teku, an tsayar da jirage.
"Ban san yaushe ba," in ji Ligaya,
sai muryar ta yanke.
Da magariba wuta ta ɗauke,
kwanon rufi ya kwana yana kaɗa ganga.

Marisol ta ce mu ci.
Na ba ta romo a kan shinkafa, na mayar da murfi.
Tsami da gishiri ba su san firiji ba,
da su kakanninmu suka riƙa ajiye nama.
Kowace safiya in hura wuta, in bar ta ta tafasa sau ɗaya,
in sauke.
Romo yana raguwa, yana ƙara duhu,
yana shiga nama har inda wuƙa ba ta kai ba.

Daren na biyu na tashi da ludayi a hannu
da tambayoyi cike da baki:
me ya hana kira a watan Yuni,
wa ke dariya a bayanki ran nan.
Na tsaya kan tukunya na jima.
Na mayar da ludayi kan ƙusa.

Rana ta uku, da hantsi,
motar haya ta tsaya cikin taɓo.
Ta sauko da akwati ɗaure da igiya,
ta rame, ta yanke gashi.
Marisol ta ɓuya a bayana, sannan ta ruga.

Ligaya ba ta nemi cokali ba.
Ta taɓa nama da yatsa, ya rabe biyu.
Ta tauna, idonta a kan tsagun tukunyar uwarta.
"Ka juya?"
"Ban juya ba."
"Gishiri ya ɗan yi yawa," ta ce,
ta miƙo faranti a ƙara mata shinkafa.