Taron Kasafi a Porto Alegre

Ni ke jera kujeru a zauren makaranta,
in sa bokiti inda rufi ke yoyo.
Akawun birni ya buɗe takardunsa:
kuɗin bana tukunya ɗaya, baki dubu.

Valdomiro na son fitila a filin ƙwallo.
Dona Zuleide ta ce magudana,
tun da ruwa ya bi ta har ɗaka
ya bar wa keken ɗinkinta tsatsa.
Wata yarinya ta ce ɗakin karatu.
Aka yi dariya. Ba ta zauna ba.

Magudana ta yi rinjaye da hannu bakwai,
jama'a suka watse cikin yayyafi.
Rufin nan ba wanda ya ambace shi.
Na zubar da ruwan bokitin,
na mayar da shi gurbinsa.